Yadda ake kwashe hotuna da bidiyo daga kyamara zuwa kwamfuta

Ka dawo daga bikin suna a unguwar Zariya ta Maraɗi, katin kyamara ya cika maƙil, gobe kuma akwai ɗaurin aure. Ga yadda za ka yi.

1. Kashe kyamarar kafin ka zaro katin SD, wato ƙaramin katin da ke ajiye hotunan. Goge bakinsa mai ruwan zinariya da busasshen ƙyalle, don ƙurar hunturun Maraɗi ba ta barin kome.

2. Sa katin a raminsa na kwamfuta. In babu ramin, jona kyamarar da wayar USB, sannan ka kunna ta. Ni na fi son katin, ya fi sauri kuma ba ya shan batir.

3. A Windows, danna maɓallin Windows tare da E. Buɗe katin, ka shiga jaka (folda) mai suna DCIM, nan hotuna suke. Wasu kyamarorin suna ajiye bidiyo a wata jakar daban mai suna PRIVATE, ka leƙa can ma.

4. Buɗe sabuwar jaka a kwamfuta, ka sa mata kwanan wata da sunan bikin. Koma inda hotunan suke a katin, danna Ctrl+A ka zaɓe su duka, Ctrl+C ka kwafa, sai Ctrl+V a cikin sabuwar jakar ka sauke su. Kwafa za ka yi, kada ka yanke (Ctrl+X, mai ɗauke su daga katin). Na taɓa yankewa, aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, na kwana ina neman bidiyon kamun amarya.

5. Buɗe hoto biyu-uku da bidiyo ɗaya, ka ga suna tashi. Danna Eject, umarnin da ke sa kwamfuta ta saki katin lafiya, ka zaro katin, ka mayar da shi kyamara, a can za ka yi masa fomat, wato ka share duk abin da ke cikinsa.