Yadda za ka yi idan Basine ya gayyace ka bikin sabuwar shekara a Gwangzu

Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan wuta a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma Gwangzu, wani babban birni a kudancin ƙasar Sin, nake zuwa sari. Sau biyu mai masana'antar da nake hulɗa da shi ya kai ni gidansu lokacin bikin, don haka yara masu tasowa kan tambaye ni, "Alhaji, ya ake yi?"

Fara da sanin ranar. Da wata suke lissafi, shi ya sa take yawo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ta faɗo 29 ga Janairu. Masana'antu kan rufe, ma'aikata su tafi garuruwansu, saboda haka ka gama lodin kayanka tun da wuri.

Kada ka je hannu rabbana. Mutanen kudancin Sin lemon tanjarin suke kaiwa, bibbiyu, domin a yarensu na Kanton sunansa ya yi kama da na zinariya. Ka miƙa da hannu biyu ka ce "Gung hei fat coi", fatan arziki ke nan. Agogo kuwa kada ka kuskura ka ba da shi kyauta, yana tuna musu jana'iza. Baƙaƙen kaya ko farare sol ma ka ajiye su, kada ka sa. Wannan ya fi shafarmu, tunda farar shadda ce adonmu. Ni jar hula na ɗora kan shuɗin yadi.

Sai jar ambulan, wadda suke kira lai si. Goron sallarsu ke nan, amma da ƙa'ida: mai aure ne ke bai wa yara da marasa aure, ko da tuzuru ne mai furfura. A Gwangdon, lardin da Gwangzu take, kuɗin ba yawa ake sawa ba, sabuwar takarda dai ake so. Ka kauce wa lamba 4 don furucinta ya yi kusa da "mutuwa", 8 kuwa abar so ce. In an ba ɗanka, ya karɓa da hannu biyu, kada ya buɗe a gaban mutane.

Batun abinci ne ya fi damuna, kuma nan nake so ka natsu. Tun kafin ranar ka gaya wa mai gida ba ka cin alade ba ka shan giya. Wainar da suke kira lo bak go, a ido kamar ba komai, amma galibi akwai naman alade a ciki. Nin go, mai zaƙi ta shinkafa mai danƙo, ita na ci bayan na tambayi man da aka soya ta da shi. Kifi kuma ba a cinye shi tas, ana rage saura don shekara ta zo da rara. Da suka kunna turare ga kakanninsu na ja gefe na yi shiru, ba wanda ya ji haushi.

Ranar farko ba a shara, wai kada a share arziki, to ko ɓawon gyaɗa ya zuba kada ka nemi tsintsiya. Rana ta uku ba a son ziyara, ana ganin ranar faɗa ce. Ni a ranar masallacin Huaisheng nake tafiya in yi azahar, in ci abinci a unguwar Shiyawbei.