Canki-canka a tambayoyin gaskiya ko ƙarya: inda 'yan tarminal ke faɗuwa

Ƙannena 'yan tarminal na Tawa, wanga darasi na kombinezon, watau ƙidayar hanyoyin zaɓen abubuwa ba tare da kula da jeri ba, ba shi da wuya, amma kullum wuri guda kuke tuntuɓe. Mu ɗauka mushe ya ba da tambaya 10, kowace amsarta gaskiya ko ƙarya, yaro ko kaye bai buɗe ba sai canki-canka yake yi.

Tun daga farko sai ka ga an rubuta 2 sau 10, wai hanyoyin cika takardar 20 ne. A'a. Tambaya ta farko hanya 2, ta biyu ta ninka su 4, ta ukku 8, haka har ta goma, 1024 ke nan.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne in anka ce hanya nawa zai ci 7 cif, sai yaro ya kama 10×9×8×7×6×5×4 ya samu 604800 ya ja mishi layi biyu da jan biro, bai ko tsaya ya ce to yaya abu zai wuce 1024 alhali duka-duka hanyoyin ke nan ba. Wannan aranjiman ne, shina ƙidaya jeri. Nan ko ba ruwanmu da jeri, wanda ya ci tambaya ta 2 da ta 5 shi ne dai ya ci ta 5 da ta 2. Sai a raba da 5040, watau hanyoyin jera abu 7, a samu 120. Mai wayo ma tambaya 3 ɗin da ba a ci ba yake zaɓe, 10×9×8 a raba da 6, watau hanyoyin jera abu 3, 120 dai, ko kalkulatiris bai taɓa ba.

Sannan ku karanta tambaya da kyau don Allah. "7 cif" daban, "aƙalla 7" daban. Na biyun sai an tara hanyoyin cin 7 da 8 da 9 da 10, watau 120 da 45 da 10 da 1, ya zama 176 cikin 1024, wajen kashi 17 cikin 100.

Akwai kuma masu cewa ai mai canke 5 zai samu dole tunda rabi da rabi ne. 5 ɗin ta fi kowace fitowa, gaskiya ne, amma 252 ce cikin 1024, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba ta cika ba. In 5 ko fiye ake nema, a nan ne ake samun 638, kusan kashi 62 cikin 100.