Yadda Ake Farfaɗo da Furen Okid da Ya Sha Wahala

Okid ɗin da aka fi sayarwa a shagunan furanni shi ne Phalaenopsis, ɗan asalin dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, irin su Filifin da Indunisiya. A can ba a ƙasa yake tsirowa ba, a jikin bishiya yake maƙalewa, saiwoyinsa a fili suna shan iska da ruwan sama. Saboda haka yawan ruwa ya fi ƙishi saurin kashe shi.

In ka ga ganyen ya yamushe ya langaɓe, kada ka yi gaggawar tuttula masa ruwa. Sau da yawa saiwar ce ta ruɓe, ta kasa sha. Ciro shi daga tukunya, ka jiƙa saiwoyin minti 10 a ruwa, sannan ka latsa su ɗaya bayan ɗaya. Mai rai da tauri za ka ji ta, kuma tana komawa kore in ta jiƙa. Matacciya kuwa ruwan ƙasa ce ko baƙa, tana lugwigwicewa a hannu, wani lokacin fatarta ta saɓule ta bar zare kawai. Goge almakashi da sifirit, ka yanke duk matattun. Ko biyu ne suka rage masu rai, sun isa. Karan furen ma ka datse shi daga gindi. Da ciwo a yanke fure, amma ƙarfin shukar yake cinyewa.

Bar shi ya sha iska na 'yan sa'o'i kafin ka dasa. Nemi ƙaramar tukunyar roba mai huji da yawa, wadda saiwoyin suka kusa cikawa, domin babba tana riƙe laima ta sake jawo ruɓa. In roba ce da ake ganin cikinta ya fi, za ka riƙa duba launin saiwa. Zuba gutsattsarin ɓawon itace da ɗan gawayi. Ɓawon kwakwa ma yana yi, amma sai an jiƙa shi kwana biyu ko uku ana canja ruwan, saboda gishirin da ke cikinsa. Ƙasa ko yashi kam, ko kaɗan.

Ban ruwa da safe ake yi, sai saiwoyin sun koma fari-fari, galibi sau ɗaya a mako. Kwarara ruwan ya bi ta hujin ya tsane sarai. Ruwan sama ya fi na rijiyar burtsatse mai zartsi. Kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye, inda sabo ke fitowa. In ya shiga, tsane shi da auduga, don ruɓar wannan wurin ba ta cika warkewa ba.

Ajiye shi kusa da taga mai kallon gabas, bayan labule mara kauri. Ranar tsaka tana ƙona ganyen. Ya fi jin daɗin zafin da ke tsakanin digiri 18 da 29 a ma'aunin Celsius, kuma da hunturu, in iska ta bushe, ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ruwa, ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba.

Kada ka ba shi taki sai sabuwar saiwa ta ɓullo da koren tsininta. Daga nan ka riƙa ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na adadin da aka rubuta a jikin kwalbar takin, sau biyu a wata. Fararen ƙwari masu kama da auduga a ƙasan ganye, a goge su da sifirit. Tsohon ganyen da ya yamushe ba lallai ya miƙe ba, sabon ganye za ka sa wa ido. Fure kuwa yana iya ɗaukar shekara guda ko fiye.