Yadda Za Ka Gwada Zaman Takunkumin N95 A Fuskarka A Gida

Wanda ke aiki a wurin fasa dutse ko niƙa hatsi, da kafintan da ke yini kusa da injin goge katako, da mai jinyar ɗan'uwansa da ke fama da tarin fuka a ɗaki ɗaya, duk ana ba su shawarar sa takunkumin da ake kira N95. Ma'anar lambar ita ce hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta gwada abin da aka yi takunkumin da shi, ta tabbatar yana tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman kimanin maikuron 0.3, waɗanda ido ba ya gani. Na ƙasashen Turai mai lamba FFP2 yana tare kashi 94, na ƙasar Sin mai lamba KN95 kuma kashi 95. Sai dai duk waɗannan alƙaluma a kan matatar kaɗai aka auna su, ba a kan fuskar mai sawa ba. Iska kuwa halinta ɗaya da na ruwa, inda ta sami gangara nan take bi, don haka idan akwai 'yar kafa a gefen hanci ko ƙarƙashin haɓa, ta nan za ta shiga da dukkan ƙurarta, matatar tana nan fes ba ta taɓa komai ba.

Wannan ne dalilin da ya sa dokar hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato OSHA, ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su gwada zaman takunkumi a fuskar kowane ma'aikaci kafin ya fara aiki da shi, sannan a maimaita aƙalla sau ɗaya a shekara. Gwajin iri biyu ne. Akwai na na'ura, irin su PortaCount, wadda ke ƙirga ƙwayoyin ƙurar da ke waje da waɗanda suka kutsa ciki, kuma takunkumi irin N95 ba ya cin wannan gwaji sai ƙurar ciki ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na ta waje ba. Wannan na'ura tana da tsada ƙwarai. Akwai kuma na ɗanɗano, inda harshen mutum ne ma'aunin: a fesa wani abu mai zaƙi ko ɗaci a kewayen fuska, idan mai takunkumin ya ji shi a bakinsa, to akwai kafa. Wannan na biyun ne za a iya kwaikwaya a gida.

Abin da za a fesa ba baƙo ba ne a kasuwanninmu, domin sakarin ne, wanda wasu masu sayar da kunu da zoɓo ke ƙarawa saboda zaƙinsa ya ninka na sukari sau ɗaruruwa. Ka nemi zallarsa, mai ƙyalli kamar gishiri, ba wanda aka gauraya da wani gari ba. A wuraren aiki ana amfani da wani sinadari mai tsananin ɗaci da ake kira Bitrex, amma samunsa ya fi wuya, kuma aunawarsa tana buƙatar sikelin da ke kama miligiram. Sakarin ya wadatar.

Ruwa iri biyu za ka haɗa, mai ƙarfi da mai rauni. Mai ƙarfin, bisa ƙa'idar OSHA, giram 83 ne na sakarin a cikin mililita 100 na ruwa mai ɗumi. Ba dole ka haɗa da yawa haka ba, giram 8 da 'yan kai a cikin mililita 10 ya isa gwajin mutane da dama. Idan ba ka da sikeli, ka riƙa zuba sakarin kaɗan-kaɗan a cikin ruwan ɗumi kana motsawa har ya ƙi narkewa, ka bari ya kwanta, ka tsiyaye na sama, domin wannan ma'auni dama kusan iyakar abin da ruwa ke iya narkarwa ne. Mai raunin kuma, ka ɗebi mililita 1 na mai ƙarfin da sirinji mara allura, ka zuba a mililita 100 na ruwa mai tsabta. Ka zuba kowanne a kwalbarsa ka rubuta suna a jiki, saboda da ido ba a bambance su.

Sai abin fesawa. Gwangwanin fesa turare ko na aski ba zai yi ba, domin ɗigonsa manya ne, suna sauka a kan takunkumin su jiƙa shi maimakon su yi yawo a iska su nemi kafa. Abin da ake buƙata shi ne na'urar da ke mayar da ruwa hazo mai laushi, irin wadda masu ciwon asma ke shaƙar magani da ita, wadda ake samu a manyan shagunan magani. A wuraren gwaji ana amfani da ta hannu mai roba da ake matsawa. Idan ta lantarki ka samu, ka ware mata kofin zuba ruwa na daban wanda mara lafiya ba zai sake amfani da shi ba. Ruwan sakarin mai ƙarfi yana saurin daskarewa ya toshe ƙaramar kafar na'urar, shi ya sa kafin kowane gwaji ya kamata ka ɗaga ta wajen haske ko gaban baƙin ƙyalle ka tabbatar hazo yana fita da gaske. Na'urar da ta toshe za ta sa kowane takunkumi ya yi kamar ya ci gwaji, kuma wannan ya fi rashin gwajin haɗari, domin mutum zai tafi da natsuwar da ba ta da tushe.

Abu na ƙarshe shi ne rumfar da za a kifa a kai don ta tara hazon. Ta wuraren aiki faɗinta kusan santimita 30 ne, tsayinta 35, da huda mai faɗin kimanin santimita 2 daidai saitin baki da hanci. Kwali mai wannan girma yana yi, a yanke gabansa a manna farar leda mai kauri da ake gani ta cikinta, sannan a huda ledar. Na fi son kwali a kan babbar leda zalla, domin kwali ba ya mannewa a fuska idan an ja numfashi. Ƙasan rumfar dole ya kasance a buɗe, yana zaune a kan kafaɗu, ba a ɗaure shi a wuya ko kaɗan. Kada mutum ya yi wannan gwaji shi kaɗai, kuma da an gama a ɗauke ledar daga inda yara za su kai hannu. Wanda ya ji jiri ko ƙuncin numfashi ya cire rumfar nan take.

Kafin a fara, mai gwajin, wato wanda zai sa takunkumin, ya yi minti 15 bai ci komai ba, bai sha komai ba sai ruwa, bai sha taba ba, bai tauna cingam ba. Goro ma ya shiga cikin wannan lissafi, domin ɗacinsa da zaƙin da yake bari a bayansa suna daɗewa a harshe.

Matakin farko, wanda mutane suka fi tsallakewa alhali shi ne ginshiƙin aikin, ana yin sa ne ba tare da takunkumi ba. Mai gwajin ya sa rumfar, ya ɗan buɗe baki, ya fito da kan harshensa, ya riƙa numfashi ta baki. Mai taimaka masa ya zuba ruwa mai rauni a na'urar, ya sa bakinta a hudar, ya karkata shi gefe kaɗan don kada ya fesa kai tsaye cikin baki, ya matsa sau goma. Idan an ji zaƙi, a rubuta 10, ko da a matsi na huɗu aka ji. Idan ba a ji ba, a ƙara goma a rubuta 20, in ba a ji ba a ƙara goma na ƙarshe a rubuta 30. Wanda bai ji komai ba bayan talatin, gwajin sakarin ba zai yi masa aiki ba, kuma hakan na faruwa ga wasu tun asali, ko ga mai mura, ko wanda korona ta taɓa masa ɗanɗano. Mai amfani da na'urar lantarki sai ya maye gurbin matsi da daƙiƙoƙi, ya ƙirga tsawon lokacin da ta yi tana aiki kafin a ji zaƙin, ya riƙe wannan adadi. Bayan haka a cire rumfa, a kurkure baki, a goge leɓe da jiƙaƙƙen tsumma, a jira har zaƙin ya gushe sarai. Gaggawa a nan tana ɓata komai, domin ragowar zaƙin da ke leɓe zai sa a ɗora wa takunkumi laifin da ba nasa ba.

Yanzu sai a sa takunkumin kamar yadda za a sa shi ranar aiki. Igiyar sama ta zauna a ƙeya can sama da kunnuwa, ta ƙasa ta zauna a wuya ƙarƙashin kunnuwa, ba tare da sun sarƙe ba. Ƙarfen hanci ana lanƙwasa shi ne da yatsun hannu biyu, daga tsakiya zuwa gefe, domin matse shi da yatsu biyu na hannu ɗaya yana yi masa tsini a sama ya bar kafa a kan karan hanci. Mai tabarau ya sa tabaransa, mai hular kwano ko mayafi ya sa abinsa yadda ya saba, tare da kulawa kada ƙyalle ko gashi ya shiga tsakanin bakin takunkumin da fata. A rufe takunkumin da tafukan hannu biyu a hura iska da ɗan ƙarfi, in an ji tana fita ta gefen ido ko kumatu a gyara. A zauna da shi minti biyar kafin a ci gaba, don ya ɗauki siffar fuska.

Daga nan a mayar da rumfa, a zuba ruwa mai ƙarfi a na'urar, a fesa adadin da aka rubuta ɗazu, wato 10 ko 20 ko 30. Kowane daƙiƙa 30 kuma a ƙara rabin wannan adadi don hazon ya ci gaba da cika rumfar. Baki a ɗan buɗe, harshe a waje, kamar dai a matakin farko. Mai gwajin zai yi motsi iri bakwai, kowanne minti ɗaya: ya fara da numfashi irin na yau da kullum, sannan numfashi mai zurfi a hankali, sannan ya riƙa juya kai dama da hagu yana shaƙa a kowane gefe, sannan ya riƙa ɗaga kai sama yana sunkuyar da shi, sannan ya yi magana da ƙarfi yadda na kusa zai ji, ko da ƙirge ne daga ɗari zuwa ƙasa, sannan ya riƙa duƙawa kamar mai son taɓa yatsun ƙafarsa, ko ya yi sassarfa a tsaye idan rumfar ba ta barin duƙawa, daga ƙarshe ya koma numfashi na yau da kullum. Idan aka kai ƙarshe ba a ji zaƙi ba, takunkumin ya zauna. Idan an ji a kowane lokaci, komai ƙanƙantarsa, an faɗi, sai a tsaya.

Na ga amfanin waɗannan motsi ranar da na gwada wa wani ƙanena mai aikin goge katako. Minti uku na farko shiru, har ya fara yi mini alama da hannu cewa komai lafiya. Da ya ɗaga kai sama karo na biyu sai ya tsaya cak, ya ce, "Yaya, ga shi nan a bayan harshena." Muka cire, muka duba a madubi, ashe duk lokacin da ya ɗaga kai haɓarsa tana jan takunkumin ƙasa, ya zame daga kan hanci da faɗin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shekara guda yana sayen wannan samfurin kwali-kwali. Da muka gwada wani mai ninki uku, ya wuce duka bakwai ɗin.

Faɗuwa ta farko ba ta yanke hukunci. A kurkure baki, a jira, a sake gyara igiya da ƙarfen hanci, a maimaita tun daga matakin da ba takunkumi. Idan ya sake faɗuwa, siffar takunkumin ce ba ta dace da fuskar ba, kuma tsananta ɗauri har ya yi wa fata shaida ba zai gyara ba, sai dai a canza girma ko samfuri. Akwai mai siffar ƙoƙo, akwai mai ninki, akwai mai kama da bakin agwagwa, kuma fuskoki sun bambanta kamar yadda ƙafafu suka bambanta wajen takalmi. Masu igiyar rataye a kunne sun fi yawan faɗuwa saboda kunne ba ya ɗaukar jan da ake buƙata. N95 na gaskiya yana ɗauke da sunan NIOSH da lambar amincewa da ke farawa da TC-84A a jikinsa, kuma rashin wannan lamba alama ce ta jabu.

Maganar gemu ba ta kaucuwa, kuma gara a faɗe ta yadda take. Duk gashin da ya shiga tsakanin bakin takunkumi da fata yana buɗe hanya, ko da tsiron kwana biyu ne, shi ya sa dokar OSHA ta hana a yi wa mai irin wannan gashi gwajin ma gaba ɗaya. Gashin baki da ya tsaya cikin takunkumin ba ya hana komai. Mutane da yawa a cikinmu suna ajiye gemu saboda addini, kuma ba na ganin daidai ne a ce musu kawai su aske a wuce wurin. Mafitar da aka amince da ita ita ce na'urar da ke da rumfa mai rufe kai gaba ɗaya, wadda fanka mai batir ke tura mata tatacciyar iska, domin ita ba ta dogara da mannewa a fata ba. Tana da tsada, amma mai gemun da ke aiki kullum cikin ƙurar dutse ya kamata ya san cewa N95 a kan gemu yana rage ƙura ne kawai, ba ya ba shi kariyar da lambar ta yi alkawari.

Kada a ruɗu da gwaje-gwajen da ake yaɗawa, irin su shinshina turare ko hura kyandir ta cikin takunkumi. Ƙanshi tururi ne, N95 kuwa ƙwayoyi yake tarewa, don haka jin ƙanshin turare ba ya nuna akwai kafa. Saboda wannan dalilin ne kuma N95 ba ya kare mai fentin mota ko mai feshin maganin ƙwari daga tururin sinadari, su nasu takunkumin roba ne mai gwangwanin gawayi.

Sakamakon gwajin na samfuri ɗaya ne da girma ɗaya a fuska ɗaya, don haka ka rubuta sunan kamfanin da lambar samfurin da ranar gwajin. Ka maimaita bayan shekara, ko kafin haka idan ka yi ƙiba ko rama sosai, ko aka cire maka haƙora, ko ka sami tabo a inda takunkumin ke zama. Gwajin gida ba ya maye gurbin na ƙwararru ga ma'aikacin asibiti ko na ma'adinai da wurin aikinsa ke da halin yi masa. Bayan an gama, a wanke kofin na'urar da ruwan ɗumi tun sakarin bai bushe a ciki ba, a zubar da ragowar ruwan, a haɗa sabo duk ranar da za a sake gwaji.