Yadda Ake Gano Yoyon Mai a Farantan Bayan Jirgin Ruwa da Yadda Ake Gyara Shi

Mafi yawan jiragen da ke kai da kawowa a madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda ke kan kogin Gongola a jihar Gombe, kwale-kwale ne na masunta. Jirage masu gudu kuwa, wasunsu suna da faranta biyu na ƙarfe a gindin bangon baya, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan direba ya saukar da su, ruwa yakan tura bayan jirgin sama har goshinsa ya kwanta, idan kuma kaya sun yi wa gefe ɗaya nauyi sai ya saukar da faranti guda domin jirgin ya daidaita. Na asali na kamfanin Bennett da matsin mai suke aiki. Na kamfanin Lenco kuwa da lantarki suke tafiya, saboda haka wannan bayani bai shafe su ba.

Makanikin da ya taɓa gyara jak ɗin tifa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Akwai ƙaramin famfo mai shan wutar batir, yana zaune a kan tankin mai, da bawul biyu na lantarki, da siririn tiyo da ke kai mai zuwa jak ɗin kowane faranti. Mai ne ke tura farantin ƙasa, sifirin da ke cikin jak kuma shi ke mayar da shi sama. Man da ake zubawa shi ne jan man giyar mota mai otomatik, wanda ake kira ATF, kuma jan launinsa yana sauƙaƙa bincike ƙwarai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙa ƙara mai duk mako ba tare da an nemi inda yake bi ba. Ban da asarar kuɗi, man yana ƙarewa ne a cikin ruwan da garin Gombe ke sha, wanda masunta da manoman rani suka dogara da shi. Abin da ya dace shi ne a fitar da jirgin tudu, a ɗage farantan sama gaba ɗaya domin man ya koma tanki, sannan a duba ko ya kai alamar da ke jikin tankin. Idan aka duba alhali farantan suna ƙasa, za a ga kamar mai ya ragu, a ƙara, daga baya ya tumbatsa a ɗauka yoyo ne. Bayan haka a goge famfo da tiyo da mahaɗai da tsumma har su bushe sarai, a shimfiɗa farar takarda ko kwali a ƙarƙashinsu, mutum ɗaya ya danna makunni farantin ya sauka har ƙarshe, wani kuma ya bi layin da tocila. Kada a shafa tiyo da yatsa yayin da famfo ke aiki, domin man da ke tsartuwa ta ƙaramin rami yana iya huda fata.

Sau da yawa laifin yana mahaɗa ne, wato inda tiyo ya shiga famfo ko inda ya haɗu da bututun tagulla da ya ratsa bangon jirgin. Girgizar inji takan sassauta noti, kuma ɗan ɗaurewa da sifana yakan wadatar. Idan ɗigon bai tsaya ba, a kwance, a yanke bakin tiyon a miƙe da wuƙa mai kaifi, a sa sabon zobe a ɗaure. A nan ne masu ƙarfin hannu ke yin ɓarna, saboda kan jak ɗin na roba ne mai tauri, kuma idan aka matsa bututun fiye da kima sai ya tsage, gyaran noti ya koma sayen jak. Tiyon da ya goge a jikin ƙarfe, ko ya bushe da zafi, ko ɓera ya ci, canza shi ake yi ɗungurungum, domin ɗaurin robar taya ba ya riƙe matsin mai.

Idan cikin jirgi a bushe yake amma mai yana raguwa, kuma ana ganin maiƙo yana ƙyalli a kan ruwa a bayan jirgin, to jak ne ke yoyo. Zobban roba da ke cikinsa sukan gaji, yashi ya karce bangon silinda, wato cikin jak ɗin, ko kututture ya daki farantin ya tsaga jikin jak ɗin. Man da ya koma ruwan hoda kamar an zuba masa madara shaida ce cewa ruwa ya shiga, kuma dole a zubar da shi a mazubi a sake sabo. Silindar da ta karce ba ta karɓar sabon zobe na dogon lokaci, don haka a ganina canza ta ya fi araha. Wajen mayar da jak a cika ramukan sukuru da gam mai hana ruwa, domin katakon da ke cikin bangon baya yana ruɓewa idan ruwa ya samu hanya.

Akwai kuma yoyon da ba a gani. Farantin yakan sauka lafiya, sai ya riƙa komawa sama da kansa a hankali, mai kuwa bai ragu ba. Wannan yana nuna datti ya hana bawul rufewa, man yana silalewa zuwa tanki. Domin a tabbatar, a musanya tiyon dama da na hagu a bakin famfo: idan matsalar ta koma ɗaya gefen, bawul ne, idan ta tsaya inda take, sai a koma kan tiyo da jak. Farantan da dukansu biyu ke tafiyar hawainiya kuwa, a fara auna batir a ga ko yana ba da wuta volt 12 cikakke, a kankare tsatsar wayoyi.

Da an gama gyara, a cika tanki zuwa alama da ATF kaɗai, ban da man birki, wanda ke kumbura zobban roba. A sauke farantan a ɗage su sau huɗu ko biyar domin iskar da ta shiga ta fita, a sake duba mai, sannan a bar farantan a ƙasa su kwana da kwali a ƙarƙashinsu kafin a mayar da jirgin cikin ruwa.