Yadda zaka kwashe kod daga jita zuwa ukulele, banjo ko wani saitin tsirkiya a manhaja

Abin da ke rikita yawancin mutane shi ne suna ɗauka siffar yatsu da sautin kod, wato sautuka da yawa da ake kaɗawa tare, abu ɗaya ne, alhali ba haka bane sam. Siffa ita ce inda ka ɗora yatsunka, sauti kuma shi ne abin da kunne ya ji, toh muddin ka canza kayan kiɗa ko ka canza saitin tsirkiya yawanci dole ɗaya daga cikinsu ya motsa, da wuya duka biyun su tsaya cak. Saboda haka kafin ka taɓa komai a manhajojin rubuta kiɗa irin su MuseScore ko TuxGuitar ko Guitar Pro ka fara yanke shawara tukunna, siffa kake son riƙewa ko sauti? Guitar Pro ma idan ka canza saiti tambayar da yake maka kenan, a bar yatsu inda suke ko a gyara su. Idan waƙar da wani zaka kaɗa ta ko akwai mai rerawa, sauti zaka riƙe. In kai kaɗai ne kana son hannunka ya huta, riƙe siffa ba laifi bane.

Bari mu daidaita yadda zan riƙa rubutawa. Kowane ƙarfe a wuyan jita zan kira shi gida, lambobi kuma daga tsirkiya mai kauri zuwa siririya, 0 a sake take, x ba a kaɗa ta. Jita a saitin da aka saba E A D G B E ce, tsakanin kowace tsirkiya da ta kusa da ita gida 5 ne, sai tsakanin G da B kaɗai da yake 4.

Fara da yin kwafin fayil ɗin, kar ka yi aiki akan na asali. Sannan ni shawarata kar ka canza saitin layin da kiɗan yake kai, ka ƙara sabon layi na kayan kiɗan da kake so, ka shiga inda ake gyara tsirkiyoyi ka tabbatar da adadinsu da sautin kowacce, sai ka kwafo kiɗan ka liƙa a can. Haka zaka riƙa ganin tsoho da sabo a jere, ka kunna wannan ka kunna wancan ka ji ko sun yi daidai.

Yanzu lissafin, wanda gaskiya shi ne zuciyar abin kuma ba wuya gare shi. Kwamfuta bata san yatsa ba, lamba ta sani. A tsarin MIDI, inda kowane sauti yake da lambarsa, tsirkiyoyin jita a sake su ne 40, 45, 50, 55, 59, 64. Kowane gida ƙarin 1 ne. Idan ka danne B a gida na 1 ka samu 60 kenan, wato C ta tsakiya. Don ka san inda sautin zai faɗa a sabon saiti, ka haɗa lambar tsohuwar tsirkiya da gidan da aka danne, ka cire lambar sabuwar tsirkiya, abin da ya rage shi ne sabon gida. In ya fito ƙasa da sifili toh wannan tsirkiyar bata da sautin, sai ka koma wata ko ka ƙara 12 ya hau sama da oktef ɗaya, wato sauti mai suna iri ɗaya amma mafi tsayi. Abin da manhajar take yi a ɓoye kenan ba wani sihiri, kuma wallahi in ka iya shi da kanka zaka riƙa gane kuskure tun kafin ka kunna.

Gwada da mai sauƙi. A saitin da ake sauke tsirkiya mai kauri daga E zuwa D, wato D A D G B E, ita kaɗai ce ta sauka da gida 2, kenan duk abin da ke kanta ka ƙara masa 2. Em da yake 022000 ya koma 222000. G da yake 320003 ya koma 520003, amma ka gwada kama shi ka ji yadda hannu ke buɗewa, shi yasa masu kiɗa suke yin 550003 ko su kashe ta biyun gaba ɗaya. A nan ne zaka gane manhaja lissafi take baka, bata san tsawon yatsunka ba. D kuma riba ya ci, daga xx0232 ya zama 000232, tsirkiya shida duka suna magana.

Ukulele ita ce tafi daɗin bayani. Saitinta G C E A, kuma idan ka ɗauki tsirkiyoyi huɗu na ƙarshe na jita, D G B E, ka sa kafo, wato abin da ake maƙalawa ya danne duka tsirkiyoyi, a gida na 5, sunayen sautukan da zaka samu kenan daidai. Ma'ana duk siffar da ka iya a jita tana aiki, sunanta ne kawai ya hau da gida 5. Siffar D ta jita 0232 a ukulele G ce. Siffar C, 2010, ta zama F. Am, 2210, ta zama Dm. In kuma C kake so ta gaske a ukulele sai ka kama siffar G ta jita, 0003. Babbar ukulele da ake kira bariton ita ko wannan wahalar babu, D G B E ce kai tsaye.

Amma fa akwai tarko a nan kuma shi yafi kama mutane. G ta ukulele da aka saba sama take, 67 ce ba 55 ba, sautinta mafi ƙasa shi ne C wato 60, jita kuwa tana sauka har 40. Duk wani sauti da ke ƙasa da 60 bashi da gida, zaka ga manhaja ta yi masa ja ko ta ƙi ajiye shi yadda kake so. Idan kaɗawa kake yi gaba ɗaya ba matsala, ka ɗaga su da 12 ko ka goge maimaici, C ta jita sauti biyar ce amma C E G ne kawai suke maimaita kansu. Idan kuwa tsinka ake yi ɗaya bayan ɗaya, wannan G ɗin ta sama zata juya maka waƙar, inda ya kamata a sauka sai a hau. Ko dai ka saita layin akan G ta ƙasa in irin ukulelen da kake da ita kenan, ko ka zauna ka sake rabon sautukan da hannu. Sannan ka tuna ana rubuta jita oktef ɗaya sama da yadda take fita, don haka kar ka yarda da ido, lamba ko kunne zaka bi.

Banjo mai tsirkiya biyar a saitin G, in ka ajiye gajeriyar a gefe, D G B D ce. Ta ƙarshe kawai ta bambanta da jita, ƙara mata 2, C ta tashi daga 2010 ta koma 2012, shikenan.

Mandolin kuma wani abu ne daban domin tsakanin tsirkiyoyinta gida 7 ne, G D A E irin na bayolin, siffar jita bata shiga kai tsaye. Sai dai akwai wata dabara da nake matuƙar so, ka karanta tsirkiyoyi huɗu masu kauri na jita, E A D G, daga baya zuwa gaba, ai G D A E ne. Kenan siffar juyewa take kamar a madubi. G ta jita a waɗannan huɗun 3200 ce, a mandolin 0023. C da yake 0320 ya zama 0230. Sunayen sautukan iri ɗaya ne, tsayinsu ne ya bambanta. Tsirkiyoyinta takwas ne bibbiyu amma a manhaja huɗu zaka saita.

Idan kod yana da sauti biyar kamar C9, wato C E G Bb D, kuma tsirkiya huɗu gareka, dole a bar ɗaya, kuma kar ka bari manhaja ta zaɓa maka. Sauti na biyar in ka ƙirga C D E F G ake fara yarwa, wato G a nan, ka riƙe E da Bb don su ne suke ba kod ɗin launinsa. A ukulele 3203 zai baka Bb D E C.

Abu biyu kafin ka adana. Ƙananan zanen kod ɗin nan da ke saman layi sau da yawa zane ne kawai, basa bin canjin da ka yi a ƙasa, sai ka bi su ɗaya ɗaya ka gyara in ba haka ba mai karantawa zai ga F a rubuce da siffar wani abu daban. Na biyu, in zaka kai aikin wata manhaja kar ka fitar da shi a MIDI, domin MIDI sauti kawai yake ajiyewa bai san wace tsirkiya ko wane gida ba, duk gyaran da ka yi da hannu zai tafi. MusicXML zaka zaɓa, shi yana iya riƙe lambar tsirkiya da gida, kuma bayan ka buɗe a can ka duba ko kafo ya biyo, in bai biyo ba siffar G da kafo a gida na 2 wadda ya kamata ta fita A zata dawo tana fita G.