Babi na Bakwai: Idan Yaro Ya Riƙe Waya

A darasin da ya wuce mun koyi karanta saƙo a waya da mayar da amsa. Yau za mu waiwayi yaran gida. Da yawanmu idan waya ta rikice, yaro muke miƙa wa ya gyara. Ya fi mu saurin yatsa, ya san inda komai yake. Wannan ne ke sa wasu iyaye su zuba ido, suna ganin ba su da ta cewa. Kada ku yarda da wannan tunani. Yaro ya san waya, amma bai gama sanin mutane ba. Ku kuwa kun ga jiya kun ga yau. Kun san mai daɗin baki, kun san wanda kyautarsa ke da ƙugiya a ciki. Mutanen da ke intanet su ne dai mutanen da kuka sani, sai dai a can suna iya ɓoye fuska.

Yara kuma ba kaɗan ba ne a wurin. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya faɗa a rahotonsa na 2017 cewa cikin kowane mutum uku da ke shiga intanet a duniya, ɗaya bai kai shekara 18 ba.

Shekara nawa ake farawa?

Facebook da Instagram da TikTok da Snapchat duk sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Wannan adadi ya samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998, wadda ta hana kamfanoni tattara bayanan yaran da ba su kai 13 ba sai da izinin iyaye. Ke nan ba likitoci ba ne suka auna suka ce ɗan shekara 13 ya yi hankali. Ƙasar Ostireliya ma gani ta yi shekarun sun yi kaɗan, ta yi doka a 2024 ta mayar da su 16.

Yaro yakan ƙara wa kansa shekaru don manhaja ta karɓe shi. Ga abin da bai lura da shi ba. Idan ɗan shekara 10 ya rubuta cewa shekararsa 16, bayan shekara biyu manhajar za ta ɗauke shi babba. Duk kariyar da ake yi wa yara sai ta janye, alhali shi yana da 12. Ku duba ranar haihuwar da ɗanku ya rubuta a shafinsa. Wannan ma karatun lambobi ne.

Ƙananan yara kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019: jaririn da bai shekara ba kada a ajiye shi gaban waya ko talabijin sam. Ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana.

Baƙon da ba ya sallama

Nan ne ya kamata mu daɗe. Mai son lalata yaro ba ya zuwa da mugunta a fili. Yakan sa hoton yaro ko yarinya, ya ce shi ma sa'ansu ne. Sau da yawa a wurin wasan gem suke haɗuwa, ko a ƙarƙashin wani bidiyo da yaron ya sa. Zai fara da yabo: kin yi kyau, kai gwani ne. Daga nan sai 'yar kyauta, ya turo data ko katin waya. Sai ya ce su koma wata manhaja inda za su yi hira su biyu. Sai ya fara cewa iyayenka ba su fahimce ka ba, ni ne na damu da kai. Sai maganar da ta fi kowace haɗari: wannan tsakaninmu ne, kada ka gaya wa kowa.

Bayan haka ne yake neman hoton tsiraici. Da ya samu, murya ta canza. Ko a turo masa kuɗi, ko a ƙaro hotuna, ko ya watsa wa 'yan uwa da 'yan makaranta. Kada ku ɗauka 'yan mata kawai ake yi wa. Samari ma ana yi musu sosai, da hoton wata budurwa ta ƙarya, kuma wani lokaci cikin dare ɗaya ake gama komai.

Me ke sa yaro ya yi shiru? Kunya, da tsoron duka, da tsoron a ƙwace wayar. Mai barazanar ya san da haka, da shi yake aiki. Ni a ganina, iyayen da suka sa ɗansu ya fi tsoronsu fiye da tsoron baƙon, sun taya baƙon aiki ba su sani ba.

Mu karanta tare. Mutum biyu su tashi, ɗaya ta zama uwa, ɗaya 'ya.

'Ya: Umma, ina da magana, amma don Allah kada ki yi faɗa.

Uwa: Zo ki zauna kusa da ni. Ina jin ki.

'Ya: Wani ne muke hira a waya. Na tura masa hoto. Yanzu ya ce in ban turo kuɗi ba zai nuna wa kowa.

Uwa: Kin kyauta da kika faɗa mini. Kin tura masa kuɗin?

'Ya: A'a. Amma ina so in goge komai.

Uwa: Kada ki goge tukuna, 'yata. Shaidarmu ke nan. Shi ne mai laifi, kuma ba ke kaɗai za ki ji da shi ba.

'Ya: Za ki gaya wa Baba?

Uwa: Ni da ke za mu gaya masa. Zan fara yi masa magana, ya san taimako kike bukata yanzu.

Ku lura, uwar nan ranta ya ɓaci, amma ta danne. Faɗa yana da lokacinsa. Idan irin wannan ta same ku, kada ku biya ko sisi, domin wanda aka biya sau ɗaya yakan dawo. Kada yaron ya sake ba shi amsa. A ɗauki hoton saƙonnin barazanar da sunan shafin da lambar wayar. Hoton tsiraicin kansa kada a tura wa kowa, ko da sunan neman shawara ne. Sannan a kai ƙarar shafin a cikin manhajar, a toshe shi, abin da yara ke cewa bulokin, a kuma sanar da 'yan sanda. Akwai wani shafi na kyauta mai suna Take It Down, wanda aka yi don waɗanda aka ɗauki irin wannan hoto nasu kafin su kai 18. Yana taimakawa a cire hoton daga manhajojin da suka shiga tsarin, kuma hoton ba ya barin wayar mai shi.

Alamun da za ku sa wa ido: yaro ya riƙa kife waya da kun shigo, ya daina barci, ya daina cin abinci, ko a gan shi da data da kuɗin da ba ku ba shi ba. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma ta isa a zauna a yi hira. Haka ma wanda 'yan ajinsu ke zagi ko yi wa dariya a guruf yakan nuna irin waɗannan alamu, har ya fara ƙin zuwa makaranta.

Gyaran saitin waya

Wannan aikin minti kaɗan ne, kuma babu laifi wani ya taya ku. A wayar Android akwai Family Link, wanda kamfanin Google ya fitar a 2017. Da shi za ku ƙayyade awannin da yaro zai yi, kuma ba zai sauke manhaja ba sai kun amince. A iPhone sunansa Screen Time. Ƙananan yara a sa musu YouTube Kids maimakon YouTube na manya. A WhatsApp ana iya saita wanda zai iya saka mutum a guruf, a mayar da shi waɗanda ke da lamba a wayar kawai. Ku koya wa yaro cewa lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙo ba a ba kowa su, ko da aboki ne ya tambaya, domin da su ake sace shafi.

Saitin nan katanga ce, kuma yaro mai wayo yana iya haura katanga, ko ya ari wayar aboki. Don haka ku gaya masa kun sa, ku gaya masa dalili. Waya kuma ta kwana a wurin caji, ba a ɗakin barcin yara ba. Idan doka ce, ta hau kan kowa, har da ku.

Wani lokaci ma mu iyaye ne ke tona asirin yaran. Hoton yaro da kayan makaranta, bajen makarantar a ƙirjinsa, sunansa a ƙasa, ya riga ya gaya wa baƙo inda zai same shi da sunan da zai kira shi. Kafin ku sa hoto, ku duba abin da ke bayansa da abin da ke rubuce a jikinsa.

Aikin aji da na gida

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinku: intanet, manhaja, sirri, barazana, shaida.

Ku amsa da baki: me ya sa uwar ta hana 'yarta goge saƙonnin? Ɗan shekara 11 ya rubuta 15 a shafinsa, bayan shekara nawa manhajar za ta ɗauke shi ɗan 18, kuma shekararsa nawa ta gaskiya a lokacin?

A gida, ku ce wa ɗanku ko 'yarku ya nuna muku manhajar da ya fi so, ya koya muku yadda take aiki. Ku tambaye shi su wa yake hira da su, da wanda a cikinsu bai taɓa gani ido da ido ba. Kada ku yi faɗa a wannan zama, ko me kuka gani. Ku rubuta sunan manhajar a littafinku, ku zo da shi aji mako mai zuwa.